Gadar Hammersmith ta Landan: me ya lalace a jikinta, kuma me ya hana a gyara?

Tambayar da aka aiko ita ce: yaya birni kamar Landan, mai kuɗi da injiniyoyi, zai rufe gada ga motoci tun 2019 har yanzu gyara ya gagara? Me ya lalace a jikinta, kuma me ya hana a rushe ta a gina sabuwa?

Abin da ya lalace ɗan ƙarami ne idan aka gwada shi da girman gadar. Wasu ƙarafa ne da aka sa domin su riƙa mirginawa, tsatsa ta kama su suka cije. Amma ba za a gane yadda wannan ya tsayar da gada guda ba sai an san yadda aka ɗora ta tun farko.

Gada biyu aka yi a wannan wuri a kan kogin Thames. Ta farko injiniya William Tierney Clark ne ya zana ta, aka buɗe ta a 1827, kuma ita ce gadar rataye ta farko a kan kogin. Kamfani ne ya gina ta yana karɓar kuɗin fito. Ba ta cika shekara 50 ba aka fara tsoronta. A 1870, ranar tseren kwale-kwale tsakanin jami'o'in Oxford da Cambridge, mutum fiye da 11,000 suka yi dafifi a kanta, suna ruguwa daga wannan gefe zuwa wancan domin kallon masu tuƙi suna wucewa ta ƙasa. A 1880 hukumar ayyuka ta birnin ta saye ta, ta soke kuɗin fito, sannan aka yanke shawarar sake ta. Joseph Bazalgette, wanda ya tsara manyan magudanan ƙazanta na Landan, shi ya zana wadda ke tsaye yau, aka buɗe ta a watan Yuni 1887. Tsawonta kimanin mita 210, faɗinta kimanin mita 13. Sabuwar gadar a kan harsashin ginshiƙan Clark aka ɗora ta, wato abin da ke cikin ruwa ya girmi abin da ake gani da shekara 60.

Lissafin Bazalgette na dawaki ne da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa. Kafin a rufe ta kuwa, motoci kimanin 20,000 ke bi ta kanta a kullum, har da bas-bas. A tsakani ta sha wuya iri-iri. 'Yan gwagwarmayar Ailan sun dasa mata bam sau uku, a 1939 da 1996 da 2000. A na 1939 wani mai gyaran gashi, Maurice Childs, ya ɗauki ɗaya daga cikin akwatunan biyu ya jefa cikin kogi kafin ya tashi. An yi mata babban gyara a 1973, an sake hana yawancin motoci hawa daga 1997 zuwa 1999, aka buɗe da sharaɗin kada motar da ta wuce tan 7.5 ta hau, sai bas-bas da aka taƙaita yawan waɗanda za su hau a lokaci guda.

Yanzu ga yadda take ɗaukar nauyi. Shimfiɗar da motoci ke takawa a rataye take da sanduna, sandunan kuma a rataye suke a jikin sarƙoƙi. Sarƙar ba irin ta ɗaure ƙofa ba ce. Dogayen fale-falen ƙarfe ne masu huda a kowane kai, an jera da yawa gefe da gefe, an soke su da ƙatuwar kusa. Sarƙar takan hau kan hasumiya biyu da ke tsaye cikin kogi, ta gangaro zuwa gaɓa, a nan ta lanƙwasa ta nutse cikin rami ƙarƙashin ƙasa inda aka turke ta. A daidai lanƙwasar nan akwai wani ƙarfe mai siffar sirdi da sarƙar ke kwanciya a kai, shi kuma sirdin yana zaune a kan wani dakali na ƙarfe. Dakalan huɗu ne, ɗaya a kowace kusurwa ta gadar. Tsakanin sirdi da dakali aka jera 'yan gumagumai na ƙarfe masu mirginawa, irin aikin da boris ke yi a ƙafar mota.

Amfaninsu shi ne ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya. Idan ya ɗumama yakan miƙe, idan ya huce ya tsuke. Sanda mai tsawon mita 100, idan zafinta ya ƙaru da digiri 30, za ta ƙara tsawo da kimanin milimita 36. Ba wani abu ba ne a ido. Amma idan aka danne kawunanta biyu aka hana ta wannan motsin, ƙarfin da za ta tura da shi ya kai kusan kilo 700 a kan kowace murabba'in santimita na kaurinta. Sarƙar da ke sama tana shan rana da iska, wadda ke cikin rami tana cikin inuwa da danshi, ga nauyin motoci yana zuwa yana tafiya. Saboda haka kullum jan da ke gefe ɗaya na sirdin ya bambanta da na ɗaya gefen. Muddin gumaguman suna mirginawa, sirdin zai ɗan gusa, jan ya daidaita, dakali kuma ba ya jin komai sai nauyin da ke danna shi ƙasa. Da suka cije, duk wannan bambancin ya koma yana tura dakalin gaba da baya, rani da hunturu, shekara da shekaru.

A nan irin ƙarfen ya shigo. Sarƙoƙin na irin ƙarfen da yakan miƙe ya lanƙwashe kafin ya tsinke ne, wato yana ba da gargaɗi. Dakalan kuwa ƙarfen zubi ne, wanda aka narka aka kwarara cikin ƙwarya. Ƙarfen zubi gwani ne wajen ɗaukar danni, amma ƙarfinsa wajen ja bai fi kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na hakan ba, kuma yana da gautsi: ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi farat ɗaya kamar tukunyar ƙasa. Injiniyoyin Ingila sun san haka tun 1847, lokacin da gadar jirgin ƙasa ta kogin Dee a Chester ta karye saboda an sa ƙarfen zubi inda ake lanƙwasa shi. Bazalgette bai yi kuskuren sa shi a dakali ba, domin a lissafinsa danni kawai zai ɗauka. Lissafin ya dogara ne kacokan a kan gumaguman su ci gaba da motsi, wato a riƙa share su, a sa musu mai, a hana ruwa kwanciya a wurin.

Me ya sa ba a gani ba da wuri? Dakalan a rufe suke da murfin ado, shi ma na ƙarfen zubi, mai zane-zane, ga fenti hawa-hawa na fiye da shekara ɗari a kai. A Birtaniya ƙa'idar duba gada ita ce dubawar ido duk shekara biyu, da dubawa ta kusa, wadda mai dubawa zai iya taɓa kowane sashe da hannu, duk shekara shida. Amma tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba, a ƙarƙashin fenti, a bayan murfi, ido ba zai kama ta ba ko da mai dubawa ya kai goshinsa. Sai an cire murfin, an feshe fentin da yashi har ƙarfe ya fito fili, sannan a sa maganaɗisu a jikin ƙarfen a yayyafa masa ruwa mai garin ƙarfe. Garin yakan taru a bakin tsaga ya fito da ita kamar an ja layi da alƙalami. Tsohon fenti kuma yana da dalma, don haka ba a feshe shi a sarari. Sai an lulluɓe wurin ruf, an tara ƙurar, ma'aikata sun sa abin rufe hanci, kada ta zuba cikin kogi. Wannan kaɗai yana cin makonni.

A ranar 10 ga Afrilu 2019 aka hana motoci hawa, bayan an gano tsagogi a dakalan. Aka manna na'urorin saurare a jikinsu, masu kama ƙarar da ƙarfe ke yi idan tsaga ta ƙara tsawo. A watan Agusta 2020 aka yi tsananin zafi, aka ga tsaga ta ƙaru, sai a ranar 13 ga watan aka rufe gadar gaba ɗaya: ba mai tafiya a ƙasa, ba mai keke, har jiragen ruwa aka hana su ratsawa ta ƙarƙashi. Tseren jami'o'in nan na 2021 ma a Ely aka yi shi, saboda annobar korona da kuma halin gadar.

An yi gardama mai zafi a kan wannan rufewar. Wasu masana da gwamnati ta sa su duba, ciki har da Farfesa Norman Fleck na Cambridge, sun ga an tsananta tsoro, kuma ana iya barin masu tafiya a ƙasa su wuce bayan ɗan aiki kaɗan. Akwai hujja a bayan wannan ra'ayi. Babban ƙarfen zubi yakan fito daga maƙera da aibinsa: saman ya riga ciki hucewa, sai ƙarfen ya daskare yana jan kansa, wani lokaci da ƙananan ramukan iska a ciki. Tun ran gini tun ran zane, tana yiwuwa wasu tsagogin sun daɗe a wurin ba su motsa ba. Sai dai wanda zai sa hannu a takardar cewa a wuce yana da wani abin tunawa. A ranar 15 ga Disamba 1967 gadar Silver da ke kan kogin Ohio a Amurka, ita ma mai sarƙar fale-fale, ta faɗa ruwa cikin ƙasa da minti ɗaya, mutum 46 suka mutu, kuma tsagar da ta jawo haka zurfinta bai wuce milimita biyu da rabi ba. A can fale biyu kacal ne a kowace gaɓa ta sarƙar, ɗaya na tsinkewa ɗayan ya bi. Sarƙar Hammersmith tana da fale da yawa, ɗaya ya tsinke sauran za su riƙe. Dakalin kuwa ba shi da mataimaki. Idan ya fashe, sirdi ya zube, sarƙar wannan kusurwa ta saki, shimfiɗar ta karkata. A ganina, inda sashe ɗaya tak ke riƙe da komai kuma na ƙarfe mai gautsi ne, wanda ya rufe gadar bai yi wauta ba, ko da daga baya lissafi ya nuna da sauran ƙarfi.

An sake buɗe ta ga masu ƙafa da masu keke a ranar 17 ga Yuli 2021, bisa dabarar daidaita zafin sarƙoƙin da ke cikin ramuka: a ɗumama su da hunturu, a sanyaya su da bazara, domin kada su motsa sosai. A zafin Yuli 2022 har lulluɓe su aka yi da takarda mai launin azurfa da ke mai da hasken rana, ana ƙoƙarin riƙe su a ƙasa da digiri 13, da sharaɗin idan ɗaya ta kai digiri 18 a rufe gadar. Jinya ce kawai kafin a yi aikin.

Aikin farko, na tsayar da ɓarna, an fara shi a 2022 da kasafin kimanin fam miliyan 9. An kwance murafan ado an kai su ajiya. Dakalan da ma ƙwarya ne, cikinsu fanko, sai aka cika su da kankare na musamman mai zaren ƙarfe, domin ko ƙarfen zubin ya fashe kankaren ya ɗauki nauyi. Zuba irin wannan kankare yana da tarko: siminti yana fitar da zafi idan yana kamawa, zafin kuma shi ne abokin gabar dakalin, don haka sai an zaɓi haɗin da ba ya ɗumama sosai kuma a zuba shi a hankali ana auna zafi. Daga nan aka kafa firam na ƙarfe kewaye da kowane dakali, domin a sa jak mai aiki da mai a ɗaga sirdin da sarƙar da ke kansa ɗan kaɗan, a maye gurbin gumaguman da suka cije da matashin roba mai fale-falen ƙarfe a ciki. Irin wannan matashi ba ya mirginawa, lanƙwasa yake yi gefe ya dawo, saboda haka ba shi da abin da zai cije. Ɗagawar ita ce wuri mafi haɗari a duk aikin, domin jan da ya taru a sirdin shekara da shekaru yana iya sakin kansa lokaci guda. Shi ya sa ake ɗagawa milimita-milimita, ana kulle jak bayan kowane mataki. Aikin ya ci lokaci fiye da yadda aka tsara. A Disamba 2023 ma wani jirgin ruwa ya bugi dandamalin ma'aikata da ke rataye a ƙarƙashin gadar, wadda da ma ita ce ɗaya daga cikin mafi ƙasa a kogin idan ruwa ya cika. A Afrilu 2025 aka buɗe tsakiyar hanyar ga masu keke bayan an sake shimfiɗa.

Duk wannan bai dawo da mota ko ɗaya ba, da sauran rina a kaba. Kafin bas ya sake hawa sai an bi sandunan rataya ɗaya bayan ɗaya, da kusoshin sarƙa, da sirdunan kan hasumiya, da ƙarafan da ke ƙarƙashin shimfiɗa. Tsatsa idan ta shiga tsakanin fale biyu da aka haɗa takan kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, ta buɗa su da ƙarfi har kan kusa ya fille. Ga kuma gajiyar ƙarfe, wadda ba ta bin nauyi daidai wa daida: idan jan da ke zuwa yana tafiya ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan takwas. Wannan ne dalilin da bas ɗaya ya fi ƙananan motoci masu yawa cin rayuwar gada. Ƙarfen ƙira kuma, wato wanda aka buga aka murza da zafinsa har ya yi jijiya kamar itace, wanda da shi aka yi sassa da yawa na gadar, an daina yin sa a masana'antu, walda ba ta kama shi da kyau saboda dattin maƙera da ke kwance cikin jijiyarsa, don haka yawancin gyara da noti da faci ake yi, ko a sauya sashen da ƙarfen zamani mai siffa iri ɗaya. Akwai ma bututun gas da ke bin gadar wanda sai an karkatar da shi.

Kuɗin ya yi ta hawa. A 2019 ana maganar fam miliyan 40, a 2020 aka koma tsakanin miliyan 141 da 163, daga baya ƙiyasin ya kai miliyan 250. Wani ɓangare tsadar kaya ce, wani kuma halin tsohon gini ne: duk murfin da aka ɗaga sai an ga abin da ba a sa a lissafi ba.

To wa zai biya? Nan ne ainihin inda gizo ke saƙar. Da aka rushe majalisar babban birnin Landan bisa dokar 1985, sai mallakar gadar ta faɗa hannun ƙaramar hukumar Hammersmith da Fulham, wadda ke arewacin kogin. Ƙaramar hukuma ce mai kwashe shara da kula da tsofaffi da gidajen haya, ba ta da aljihun da zai ɗauki aikin fam miliyan 250. Waɗanda rufewar ta fi cuta kuma mutanen Barnes ne a kudancin kogin, da ke ƙarƙashin wata ƙaramar hukumar dabam, Richmond, waɗanda yanzu sai sun zagaya ta gadar Putney ko ta Chiswick idan da mota suke. Bas-bas na hukumar sufurin Landan ne, wadda annobar korona ta karya wa tattali. Gwamnatin tsakiya ta kafa kwamiti a Satumba 2020, a 2021 ta ce a raba kuɗin gida uku tsakaninta da hukumar sufurin da ƙaramar hukumar. Ƙaramar hukumar ta ce kasonta sai dai ta hanyar dawo da kuɗin fito, kimanin fam 3 a kowace wucewa, abin da aka soke tun 1880. Shi ma yana buƙatar amincewar wasu. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu a aljihu.

Rushewa kuwa ba ta da sauƙin da ake zato. Gadar tana cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare a mataki na biyu mafi girma, ba a taɓa ko murfin ado sai da izini. Ko da an cire wannan, sabuwar gada tana buƙatar sabon harsashi a cikin kogin da ruwansa ke hawa da sauka sau biyu a rana, ga gidaje sun matse gaɓa biyu, ga shekarun neman izini da ƙararraki. Mutane kan kawo misalin Genoa ta Italiya, inda gadar Morandi ta rufta a ranar 14 ga Agusta 2018 ta kashe mutum 43, aka buɗe sabuwa a Agusta 2020. Amma can babbar hanyar tashar jiragen ruwa ce ta yanke, gwamnati ta yi dokar gaggawa, kuma ba wanda ya tsaya kare tsohuwar bayan ta ci rayuka.

Hanyoyin da suka rage a zahiri biyu ne. Ta farko cikakken gyara. A 2020 kamfanonin Foster + Partners da COWI sun kawo tsarin zura wata gada ta wucin gadi mai hawa biyu ta cikin tsohuwar, motoci a sama, masu ƙafa da keke a ƙasa, nauyinta ba a kan sarƙoƙi ba, sannan a riƙa kwance sassan tsohuwar ana sauke su cikin jirgin ruwa a kai su masana'anta. Dabara ce mai kyau, domin gyara a ƙarƙashin rufi ya fi gyara a rataye bisa ruwa sauri da inganci. Ta biyu a bar ta ga masu ƙafa da keke, wataƙila da ƙananan motocin lantarki marasa nauyi domin tsofaffi da naƙasassu. Abin sha'awa, wata gadar da Clark ɗin nan ya zana, gadar sarƙa ta Budapest da aka buɗe a 1849, ta bi tsakiya: an yi mata cikakken gyara daga 2021 zuwa 2023, sannan aka hana motocin gida hawa, aka bar bas da tasi da babur da keke.

Ni a nawa ganin, bas ne ya kamata a yi lissafi a kansa, ba motar gida ba, domin wanda ba ya iya taka keke ko tafiyar ƙafa shi rufewar ta fi kassarawa. Sai dai bas ɗin shi ne mai nauyi, don haka barin sa ya hau yana nufin kusan cikakken gyaran, kuɗin ba zai ragu sosai ba don an hana ƙananan motoci. Hanya ta biyu ma ba kyauta ba ce. Yawancin nauyin da sarƙoƙin ke ɗauke da shi na gadar ce da kanta, ko da ba kowa a kai. Fenti zai ci gaba da buƙatar sabuntawa, ramukan turke sai an riƙa zuƙe musu ruwa, matashin roba yana da nasa wa'adi na shekaru kafin a sauya shi, kuma harsashin 1827 da ke cikin kogi sai masu nutso sun riƙa auna ko ruwa na kwashe ƙasar da ke gindinsa.